Kalma Ɗaya, Ma'ana Shida: Yadda "Confound" Ta Ci Mana Maki

A makon nan kalma ɗaya tak muka ɗauko, kuma ba don muna ƙaunarta ba. Mun ɗauko ta ne domin ta ci mana maki a gwajin da muka yi makonni biyu da suka wuce, ba ma kuma so ta sake yi wa wani haka, musamman yayyenmu 'yan aji uku da jarrabawar BECE take jiransu. Kalmar ita ce "confound".

Abin da ya faru a ajinmu

Malaminmu na Turanci ya ba mu gwaji irin wanda ake ja wa kalma layi a cikin jimla, a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Tambaya ta bakwai ita ce wannan:

"The small team confounded the experts by winning the cup."
A. confused
B. proved wrong
C. insulted
D. joined

Da muka ga kalmar sai muka yi murna, domin ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zangon farko mun kwafe ta a jerin sababbin kalmomi, a gabanta kuma muka rubuta "confuse", wato ruɗa. Ko jimlar ba mu gama karantawa ba muka zagaye A, muka wuce gaba.

Ranar da aka raba takardu, kusan kowa ya tarar da jan biro a kan lamba bakwai. Tsiraru ne suka zaɓi B, kuma su ne suka yi daidai. Aji ya kaure da surutu. Wata 'yar ajinmu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai a littafinmu an rubuta ma'anarta ita ce ruɗa. Ga shi ma kuwa."

Malam bai yi faɗa ba. Ya ɗauki alli ya rubuta "ci" a allo, ya ce, "Wannan Hausa ce. Me take nufi?"

Muka haɗa baki muka ce, "Cin abinci!"

Ya ce, "To, wanda ya ci jarrabawa, da wace miya ya ci ta?"

Muka fashe da dariya. Sai ya sa muka yi ta kawo misalai yana rubutawa: ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci yaƙi, wuta ta ci gida. Da allo ya cika sai ya ce, "Kun ga, ku da kanku kun san kalma ɗaya tana ɗaukar kaya da yawa a Hausa. Me ya sa kuke zaton ta Turanci kaya ɗaya take ɗauka?" Daga nan ya ba mu aiki: mu je laburare mu duba babban ƙamus, mu kawo masa duk ma'anonin "confound", kowacce da misalin da muka ƙirƙira da kanmu. Mu 'yan kulob ɗin 'yan jarida da ke ajin muka ce tun da mun sha wahalar, bari mu kafe sakamakon a nan kowa ya amfana.

Daga ina kalmar ta fito?

A babban ƙamus, a ƙarshen bayanin kalma, akwai ɗan layi da yawancinmu ba ma dubawa. A nan ake faɗin asalinta. "Confound" ba haifaffiyar Ingila ba ce. Ta fito ne daga Latin, harshen Rumawan da, inda ake ce mata "confundere". Abu biyu aka haɗa: "con", wato tare, da "fundere", wato zuba. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce a zuba abubuwa wuri guda har su gauraya.

Daga Latin ta shiga tsohon Faransanci ta zama "confondre". A shekarar 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Bayan haka Faransanci ya daɗe yana zama harshen fada da na kotu a can, dubban kalmominsa kuma suka shiga Turanci, kamar yadda "littafi" da "alƙalami" suka shigo Hausa daga Larabci. "Confound" tana cikinsu, an kuma fara ganinta a rubutun Turanci wajen shekarar 1300.

Ku riƙe wannan hoto a ranku: mace ta ɗauki ƙwaryar nono da ƙwaryar ruwa ta juye su a roba ɗaya. Yanzu wa zai iya nuna mana ga nono ga ruwa? Duk ma'anoni shida da za mu kawo daga wannan hoton suka tsiro. Mu ma muna da irin wannan a Hausa. Shanu suna dagula ruwan tafki, yaro yana dagula wa mai shago lissafi, mummunan labari kuma yana dagula hankali. Aikatau ɗaya ne, ya taso daga ruwa ya kai har zuciya.

Ma'ana ta farko: ɗaure wa mutum kai

Wannan ita ce wadda muka sani. Abu ya zo maka ba yadda ka saba ba, ka rasa gane kansa, mamaki ya haɗu da ruɗewa.

"The last question confounded the whole class."

Wato tambayar ƙarshe ta ɗaure wa dukan aji kai. Ga wani misalin:

"The strange illness confounded the doctors."

Wato baƙuwar cutar ta gagari likitoci ganewa. Ku lura cewa a nan abin da aikin ya faɗa wa mutane ne, kuma jimlar ba ta nuna sun taɓa faɗin wani abu da daga baya ya zama ba haka ba. Sun dai tsaya ne sun rasa amsa. Tunaninsu ne aka zuba wuri guda ya gauraya.

A wannan ma'ana "confound" ta fi "confuse" ƙarfi. Idan malami ya yi bayani da sauri ba ka bi shi ba, "confuse" ta isa. Amma idan abu ya gagari waɗanda ake ganin sun san aikinsu, "confound" ta fi dacewa.

Ma'ana ta biyu: ƙaryata zato, ba maras ɗa kunya

Ga wadda ta kayar da mu. Wasu mutane sun riga sun yi hasashe, sun ce ga abin da zai faru, sai sakamako ya fito saɓanin haka. A Turanci sai a ce sakamakon, ko wanda ya kawo shi, ya yi musu "confound".

Iyayenmu maza suna yawan ba mu labarin gasar Olamfik ta 1996 da aka yi a birnin Atlanta na Amurka. A wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon ƙafa Najeriya ta haɗu da Brazil. Brazil tana gaba da ci 3 da 1, masu kallo da yawa sun riga sun fid da rai. Sai Najeriya ta farke ɗaya, Nwankwo Kanu ya ci ta uku dab da tashi, ya kuma ci ta huɗu a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3. A wasan ƙarshe Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci lambar zinariya a ƙwallon ƙafa a Olamfik. Za mu iya rubuta shi haka:

"Nigeria confounded all predictions in 1996."

Wato Najeriya ta ƙaryata duk hasashen da aka yi. Hasashe ba ya ruɗewa, domin ba shi da kai balle a ɗaure masa. Abin da ake yi wa hasashe shi ne a nuna ba daidai ba ne. Saboda haka duk inda kuka ga "confound" tana tafiya da kalmomi irin su "predictions", "expectations", "critics" ko "experts", ku fara tunanin wannan ma'ana. Ita ce kuma za ku fi haɗuwa da ita a jaridu, musamman a shafin wasanni da na siyasa.

Ma'ana ta uku: ɗaukar wani abu a matsayin wani

Wannan ta fi kowacce kusa da nono da ruwa. Abu biyu ne daban, amma mutum ya kasa bambancewa, ya ɗauka ɗaya ne. Alamarta ita ce kalmar "with" ko "and" a tsakanin abubuwan biyu.

"Some people abroad confound Niger with Nigeria."

Wato wasu mutanen ƙasashen waje suna ɗaukar Nijar ita ce Najeriya. A Turanci sunayen sun yi kama, kuma duka biyun daga sunan kogi ɗaya suka samo asali, amma ƙasa biyu ce, ɗaya babban birninta Yamai, ɗaya Abuja. Haka nan wasu suke haɗa Ostiriya da ke Turai da Ostireliya da ke can kudancin duniya.

Irin wannan kuskure yakan daɗe. A shekarar 1492 Kolumbus ya tashi daga Sifen ya nufi yamma ta teku yana neman hanyar zuwa yankin Indiya. Da ya isa tsibiran Karebiyan sai ya zaci can ya iso, ya kira mutanen wurin Indiyawa. Har yau ana kiran waɗannan tsibirai Indiya ta Yamma a Turanci.

A wannan ma'ana kuna iya sa "confuse" a madadinta ba tare da jimlar ta lalace ba. Hasali ma a maganar yau da kullum "confuse" aka fi amfani da ita. A rubutun littattafai ne za ku fi ganin "confound".

Ma'ana ta huɗu: wargaza shiri, kayar da abokin gaba

Wannan tsohuwar ma'ana ce, ta littattafan tarihi da labaran yaƙi. A nan ba a tsaya ga ruɗa mutum ba, an rushe abin da ya ƙulla ne.

A shekarar 1812 Napoliyon na Faransa ya shiga Rasha da babbar runduna. Ya kai birnin Mosko a watan Satumba, ya tarar mutane sun fice, wuta kuma ta cinye yawancin birnin. Ba abinci, ba wanda zai yi sulhu da shi. Dole ya juya a watan Oktoba, sanyi da yunwa da hare-haren Rashawa suka hallaka mafi yawan sojojinsa a hanya. Ga jimlarmu:

"Hunger and the Russian winter confounded Napoleon's plans."

Wato yunwa da sanyin Rasha sun wargaza shirin Napoliyon. Da wannan ma'ana aka yi amfani da kalmar a baiti na biyu na taken ƙasar Birtaniya, baitin da ba a cika rerawa ba yanzu, inda ake roƙon a wargaza makircin maƙiya. Kalmomin da ke nuna mana wannan ma'ana su ne irin "plans", "plot" da "enemies".

Ma'ana ta biyar: kalmar takaici

A tsofaffin littattafan labarai na Turanci za ku ga wani dattijo ya fusata ya ce, "Confound it!" Da a da ne, sai mu tsaya muna tambaya: me za a ruɗa? Ba abin da za a ruɗa. Magana ce ta motsin rai, kamar mu ce "Kash!" ko "Tir!" Ta samo asali ne daga ma'ana ta huɗu, wato fatan abu ya rushe, kuma mutane sun riƙa amfani da ita a madadin zagi mai nauyi.

Daga nan aka sami sifar "confounded", wadda ake sawa a gaban suna:

"This confounded pen will not write!"

Biron bai ruɗe ba. Mai shi ne ya ji haushi, kamar Bahaushe ya ce, "Wannan tsinannen biro ya ƙi rubutu!" Yau ba a cika jin wannan a bakin matasan Ingila ko Amurka ba, ta zama maganar tsofaffi. Mu dai mu gane ta idan mun gan ta a labari. Kada wani ya je ya sa ta a wasiƙar da zai rubuta wa shugaban makaranta.

Ma'ana ta shida: ta masu binciken kimiyya

Wannan malamarmu ta kimiyya ce ta taimaka mana da ita. A ce muna so mu gane ko taki yana sa wake saurin girma. Muka shuka wake a gwangwani biyu. Na farko muka sa masa taki muka ajiye a rana. Na biyu ba mu sa masa ba, muka ajiye a ƙarƙashin benci cikin duhu. Bayan mako uku na farko ya yi kore shar, na biyu ya yi fari ya lanƙwashe. Za mu iya cewa taki ne ya kawo bambancin? Ba za mu iya ba, domin abu biyu muka canza lokaci guda, taki da hasken rana. Tasirinsu ya gauraya, ba mu san na wane ne ya yi aiki ba.

"Sunlight confounded the result of our experiment."

Masana kimiyya suna kiran abu irin hasken ranar nan "confounding factor", wato wani dalili na gefe da ya cakuɗa da wanda ake bincike a kai. Ga wani misali da kowa ya sani. A watan Afrilu ana sayar da ƙanƙara da yawa, a lokacin ne kuma ƙurajen zafi suke fito wa yara. Shin ƙanƙara ce take kawo ƙurajen? A'a. Zafi ne yake kawo duka biyun. Wanda bai lura da zafin ba sai ya ɗora wa mai ƙanƙara laifi. Maganin wannan a gwaji shi ne a canza abu ɗaya kawai, sauran duka a bar su daidai: gwangwanayen biyu su zauna a rana, a ba su ruwa daidai, taki kaɗai ya bambanta su.

Yadda za mu gane wadda ake nufi

Ba sai mun haddace shafin ƙamus ba. Dabarar da muka samu ita ce mu dubi karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, sannan mu karanta jimlar har ƙarshe. Ga taƙaitawa:

1. Idan mutum ne aka bari ba amsa, ma'anar ita ce ɗaure kai.
2. Idan hasashe ne, ko zato, ko mutanen da suka yi hasashen, ma'anar ita ce ƙaryatawa.
3. Idan abu biyu ne da "with" ko "and" a tsakani, ma'anar ita ce kasa bambancewa.
4. Idan shiri ne ko maƙiyi, ma'anar ita ce wargazawa.
5. Idan da alamar motsin rai a ƙarshe kuma mai magana yana fushi, takaici ne kawai.
6. Idan ana maganar gwaji ko bincike, dalilai ne suka cakuɗa.

Yanzu mu koma ga tambaya ta bakwai. Ƙaramar ƙungiya, masana, cin kofi. Aikin masanan wasanni shi ne su faɗi wanda zai yi nasara, kuma ba ƙaramar ƙungiya za su zaɓa ba. Ita kuwa ta ci kofi. Me ta yi musu? Ta nuna hasashensu ba daidai ba ne. Wani ɗan ajinmu ya ce, "Amma Malam, ai sun ruɗe ɗin ma." Malam ya ce gaskiya ne, mai yiwuwa sun ruɗe, amma tambayar ba ta ce a zaɓi wadda za ta iya yiwuwa ba, ta ce wadda ta fi kusa. Kalmomin nan huɗu na ƙarshe, "by winning the cup", su ne suke nuna B. Mu kuwa ba mu ko kai gare su ba muka zagaye amsa. Gaggawa ce ta ci mana makin, tare da yarda da ma'ana ɗaya da muka haddace.

Tarko biyu da za mu kiyaye

Tarko na farko ya shafe mu mu Hausawa musamman. A Hausa harafin "f" guda ɗaya muke da shi, ba mu da "p" daban, shi ya sa da yawa daga cikinmu muke furta su iri ɗaya idan muna Turanci. To akwai wata kalma "compound", wadda idan ba a kula ba sai a ji ta kamar "confound". A matsayin suna tana nufin harabar gida ko ta makaranta, a kimiyya kuma sinadarin da ya haɗa abubuwa biyu ko fiye, kamar ruwa ko gishiri. A matsayin aikatau tana nufin ƙara wa matsala tsanani. Idan malami yana shifta, wanda bai saba bambance sautin ba zai rubuta wata a madadin wata.

Ga yadda za a gyara. Ku tsaya gaban madubi. Wajen furta "p" leɓɓa biyu suna haɗuwa su rufe, sannan su buɗe da ƙarfi. Wajen furta "f" ta Turanci haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, iska tana fita a hankali. Idan kun ce "confound" kuka ga leɓɓanku sun haɗu a tsakiyar kalmar, ku sake. Kuma a gaɓa ta biyu ake sa ƙarfin murya.

Tarko na biyu shi ne "found" da ke cikin kalmar. Ba ta da alaƙa da "find", wato nemo ko samu. Don haka babu wata kalma wai "confind". "Confound" ita ce siffar yanzu, idan aikin ya wuce sai a ce "confounded".

'Yan uwanta da maƙwabtanta

Tun da mun san "fundere" tana nufin zuba, sai muka gano wasu kalmomin da suka fito daga tsatso ɗaya. "Confuse" kanta 'yar uwarta ce ta jini, daga "confundere" ɗin nan ta fito. "Refund", wato mayar wa mutum kuɗinsa, asalinta zuba wa mutum abinsa a mayar masa. "Funnel", mazurarin da ake ɗura mai ko kananzir a kwalba da shi, shi ma daga can yake. Akwai kuma "dumbfound", wadda aka ƙera ta hanyar haɗa "dumb" da "confound", ma'anarta mamaki ya kama mutum har ya kasa magana.

Maƙwabtanta kuma, waɗanda ba dangi ba ne amma suna kusa da ma'ana ta farko, su ne waɗannan. "Puzzle" ita ce abu ya sa ka tunani kana neman amsa, kamar kacici-kacici. "Perplex" ruɗewa ce da ta haɗu da damuwa. "Baffle" ita ce ka yi iya ƙoƙarinka abin ya gagare ka. "Bewilder" kuwa tana da alaƙa da "wilderness", wato daji, don haka hotonta shi ne mutumin da ya ɓata a daji bai san gabas ba bai san yamma ba. A jarrabawa kowacce daga cikinsu tana iya zama amsar "confound", amma fa sai idan ma'ana ta farko ake nufi.

Gwada kanka

Ga jimloli shida da muka shirya. A kowacce, faɗi lambar ma'anar da ake nufi, daga 1 zuwa 6. Rufe amsoshin da hannu tukuna, ban da leƙe.

a. "Do not confound a frog with a toad."
b. "The quiet girl confounded her critics and came first."
c. "Confound it! I have missed the bus."
d. "The guards confounded the thieves' plot."
e. "The old riddle confounded every child in the village."
f. "Age may confound the result, because the taller pupils were also older."

Amsoshi: a ita ce 3, b ita ce 2, c ita ce 5, d ita ce 4, e ita ce 1, f ita ce 6.

Idan ka ci shida duka, madalla. Idan ka faɗi b, kada ka damu, ajinmu guda ya riga ka faɗuwa a wurin. Ka koma ka duba kalmar da ta biyo bayan aikatau.

Abin da muka canza

Bayan wannan aiki mun sauya yadda muke rubuta sababbin kalmomi. Da can layi ɗaya muke ba kowace kalma: ga ita, ga fassararta, shi ke nan. Yanzu muna barin layi huɗu ko biyar. Muna rubuta jimlar da muka tsinci kalmar a ciki, sannan ma'anarta a wannan jimlar. Idan muka sake haɗuwa da ita a wani wuri da wata ma'ana, sai mu dawo mu ƙara. Idan muka buɗe ƙamus kuma ba ma tsayawa a lamba 1, muna karantawa har lambobin su ƙare.

Muna roƙon yayyenmu 'yan aji uku su gwada wannan kafin jarrabawa. Maki ɗaya ba shi da yawa a ido, amma wani lokaci shi ne tsakanin ci da faɗuwa. Kuma "confound" ba ita kaɗai ba ce mai wannan hali. Ku duba "bear", ku duba "charge", ku duba "fair", za ku ga kowacce da kayanta.

Muna godiya ga malaminmu na Turanci da malamarmu ta kimiyya da suka duba mana wannan rubutu kafin mu kafe shi, da mai kula da laburare da ya yi haƙuri da mu har lokacin tashi ya wuce. Duk wanda wata kalma ta taɓa ci masa maki, ya rubuta ta a takarda tare da jimlar da ya gan ta a ciki, ya jefa a akwatin kulob da ke gefen wannan allo. Wadda aka fi kawowa ita za mu ɗauka a fitowa ta gaba. Sai mun ji daga gare ku.